Tsagar Yaya Habsu a Bangon Turawa

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin in rubuta wannan labari. Sau uku na fara na yage. Karatuna bai wuce aji shida na lakwal ba, abin da zan faɗa kuma ya shafi mutuncin wadda ta raine ni, shi ya sa nake tsoron kada garin neman gyara in ƙara ɓarna. Amma lokaci ya ƙure mini.

Sunana Lawali, daga wani ƙauye kusa da Tibiri. Na sauka Paris cikin sanyi, 'yan shekaru bayan kuɗinsu ya koma ero. Mutumin da ya tarbe ni a tasha, wanda aka ce shi zai kai ni wurin aiki, ya karɓi jakata ya ce in tsaya nan ya nemo taksi. Har yau bai dawo ba. Abin da ya rage mini shi ne tufafin jikina da abin da ke aljihun ƙirjina, fasfo da hoton yayata Habsu.

Ina shekara huɗu innarmu ta rasu, Yaya Habsu ta ɗauke ni ta tafi da ni gidan mijinta, Malam Abdu, limamin unguwarmu. A Maradi aka ɗauki hoton. Tana lulluɓe da mayafi, wuyanta a miƙe, ba ta murmushi. Tana da tsagarmu ta Gobirawa, shida a kumatu guda, bakwai a guda. Sai dai ran da ake mata tana jaririya ta zabura, askar wanzami ta goce, layin ƙarshe na hagu ya karye a tsaka ya yi sama wajen kunne. Duk yankinmu babu mai irinsa. Ko a kasuwar Maradi aka ce "mai karyayyar tsaga", an san matar Malam Abdu ake nufi.

Wani Bazabarme mai suna Jibo, direban ƙaramar motar kaya, shi ya tsince ni a tashar ina rawar sanyi. Ya dubi fuskata ya yi dariya.

"Bagobiri a Paris! Wa ya kwance ka? Taso, bawana, kada sanyi ya kashe mini dukiya."

Wasan Zabarmawa da Gobirawa ke nan, kuma ranar na fi jin daɗinsa a rayuwata. Ya kai ni Aubervilliers, wata unguwa a gefen Paris, ya sama mini gefen katifa a ɗakin da mutum biyar ke kwana, da aikin sauke kwalaye a rumbunan 'yan Sin. Ba ni da takardun zama. Ko mota ta yi jiniya a titin baya sai in nemi wurin ɓuya. Na shekara biyu ban san komai na Paris ba sai layi na bakwai na metro, jirginsu na ƙarƙashin ƙasa, da ƙasan takalmana.

A shekara ta uku Jibo ya ɗauke ni in taya shi kai katakai da yadi unguwar Belleville, wurin wata tsohuwar Baturiya, Madam Kolet, a bene na biyar, babu na'urar hawa, sai matakala. Da ta buɗe ƙofa sai na ja da baya. Bango huɗu duk hotunan fenti ne, waɗanda suke kira tabulo, wasu sun fi ni tsawo. Mata ne a kan dawaki, da baka da kwari, da gatari, da garkuwa mai siffar jinjirin wata. Wata ta faɗi doki na janta. Wata ta taka wuyan namiji. Ja da baƙi sun yi yawa, ɗakin kuma yana warin mai. Duk inda na juya idanunsu na kaina.

Madam ta ga na iya ɗaukar kaya ban buge bango ba, sai ta ce in riƙa zuwa ran Asabar ina ɗaure mata yadi a katako, ina wanke buroshi. Na tambayi malamai biyu ko ya halatta. Amsoshinsu suka sha bamban, na ɗauki mai sauƙin, na yi ta istigfari a kan matakala ina hawa ina sauka.

Ita ta gaya mini su wane ne matan. Ta ce a tatsuniyoyin Girkawan dā akwai wata ƙasa ta mata zalla, mayaƙa, ba sa bin sarkin kowa. Ta ce ana faɗin tun suna 'yan mata ake cire musu nonon dama don kada ya tare tsirkiyar baka. Ta ce shekara talatin tana zana su, kuma ta gaji da fuskokin gumakan dutse, fuskar mai rai take nema. Na ce mata Allah ya kyauta, da Hausa, na ci gaba da wanke buroshi.

A hunturun shekarar sanyi ya kama mini huhu. Na yanke jiki na faɗi a kan matakalarta. Tsohuwar nan ita ta kai ni wurin wani likita da bai tambayi takarda ba, ta shimfiɗa mini a ɗakin ajiyarta kwana tara, tana dafa mini romon kaza da ta je da ƙafarta ta sayo wurin mahaucin Larabawa. Ta ba ni babbar rigar sanyin mijinta marigayi. Ranar da zan tafi, ina mayar da kayan aljihuna cikin sabuwar rigar, hoton ya faɗi. Ta ɗauka, ta kai shi wajen taga, ta daɗe.

"Wace ce?"

"Yayata."

"Ka ara mini mako guda."

Nan ne kuskurena, kuma ban ɗora wa kowa ba. A wurinmu wanda ya yi jinyarka ba ka buɗe baki ka ce masa a'a. In baki ya ci, ido ke jin kunya. Da mutuniyar garinmu ce, shiruna da sunkuyar da kaina sun ishe ta ta gane, ta mayar mini da abina. Ita kuwa ta ɗauki shirun amincewa. Na dai iya cewa, "Madam, matar liman ce." Ta ce kada in damu, ba fuskarta za ta zana ba, yadda ta riƙe wuya kawai take so. Bayan mako guda ta mayar mini da hoton cikin ambulan. Akwai wani babban tabulo a kusurwa da ta juya fuskarsa ga bango. Kusan shekara biyu ina share ƙasa a gefensa. Zuciyata ta sha gaya mini in leƙa, ban leƙa ba, don ina tsoron abin da zan gani.

Wata Asabar na tarar bangon duk wayam. An kwashe tabulo ɗin an tafi da su Lyon, inda za a baje su a wani shagon nuna zane, galeri. Madam na ta murna. Ta ba mu, ni da Jibo, kwali guda na katunan gayyata mu kai gidan waya. A mota Jibo ya zaro ɗaya don ya tsokane ni, ya duba, dariyar ta tsaya masa.

"Lawali."

Bai taɓa kirana da sunana ba sai ranar.

"Wannan ba yayarka ta cikin hoto ba ce?"

Mace ce a kan baƙin doki, da gatari a hannu, babu komai a jikinta daga wuya zuwa ƙugu. Ƙirjin dama a shafe yake, sai dogon tabo. Idon ba na Yaya ba ne, hancin ma ba nata ba ne. Amma tsagar tana nan, shida da bakwai, layin ƙarshe na hagu ya karye ya yi wajen kunne.

Ban san yadda na hau benen nan biyar ba. Madam ta yi mamakin tashin hankalina.

"Ai na cika alkawari. Na canza ido, na canza hanci da baki. Waɗannan layukan ado ne kawai, sun yi mini kyau."

Faransancina ya ƙare, na riƙa haɗawa da hannu. Na nuna mata kumatuna. Na ce a wurinmu wannan ne sunan mutum da na ubansa, wannan karyayyen layin kuwa mace ɗaya ce ke da shi a duniya. Na ce akwai mutanen Maradi a Lyon. Ɗaya ya gani ya ɗauka da wayarsa, ya isa. Za a ce matar liman ta tuɓe wa Turawa, kuma babu wanda zai tsaya tambayar yadda aka yi.

Ta zauna a kan kujera. Ta ce me nake so ta yi. Na ce komai ya ɓace. A gabana ta yayyaga hotunan tabulo ɗin da ta ɗauka da kyamara, da zanen gwaji na fensir. Na tsaya a kanta ta goge na cikin ordinatarta, wato kwamfuta, na sa ta sake dubawa sau biyu. Katunan kuwa ni da Jibo muka ƙone su a cikin durom a bayan rumbu, na tona tokar da sanda don kada kusurwa guda ta tsira. Ta buga wa mai galerin waya ta ce a sauke shi daga bango, ta rubuta mini takarda in je in karɓo, ta ce za ta shafe tsagar da hannunta.

Ran Litinin da rana na shiga shagon waya na kira gida kamar yadda na saba. Malam Abdu ne ya ɗauka. Bayan gaisuwa ya ce, "Lawali, a taya mu da addu'a. Yayarka wani ƙullutu ya hito mata, an ce sai Yamai."

Na ce a ina. Ya ce a ƙirji. Bai kamata in ƙara tambaya ba, amma na ce wane ɓangare.

"Dama," in ji shi.

Na san ciwo da lafiya na Allah ne. Na san fenti ba ya yanka mutum. Na maimaita wa kaina wannan tun daga shagon har ɗaki, amma zuciyata ba ta yarda ba.

Jibo yana da kayan da zai kai Lyon ran Laraba, ya ce in shiga. Tafiyar ba ta kai yini ba, amma a wurina ta fi ta hamada tsawo. Duk wurin biyan kuɗin hanya akwai jandarmomi a tsaye. A na biyu suka tsayar da motar da ke gabanmu, suka fito da wani baƙar fata suka jingina shi da ƙofa. Jibo ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Gyara zama, ka ci burodi. Mai cin burodi ba ya kama da mai laifi." Na cusa burodi a baki. Muka wuce. Ruwa ya yi ta zuba, sama ta yi baƙi tun azahar.

Masaukinmu a Vénissieux ne, a gefen Lyon, a dogayen benayen Minguettes, gidan wani ɗan kasuwa, Alhaji Sale, mutumin Maradi. Matarsa Hajiya Mariya ta kawo mana tuwo, ta tambaye ni ɗan wane gida ne. Da na faɗa sai ta tafa hannu.

"Kai ƙanen Habsu ne? Mai karyayyar tsaga? Ai tare munka yi tallan fura! Mi ya kawo ka Lyon?"

Na ce rakiya na yo. Jibo ya ce, "Hajiya, ɗauko shi na yi ya riƙe mini jaka, aikin bayi ke nan." Aka yi dariya. Sai ɗiyarta mai karatu a jami'a ta ce ita da ƙawayenta suna yawan zuwa kallon zane a cikin gari, kyauta ne. Na cire hannuna daga tuwon.

Da safe muka shiga metro zuwa tsakiyar gari. Galerin na cikin wani siririn lungu. Na ga matan Madam duk a rataye, a farin ɗaki sun fi ban tsoro. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen bango. Nan na ga wuri wayam, da ƙusa biyu.

Na miƙa wa mai galerin takardar. Ta karanta, ta cire tabarau.

"Na gaya wa Kolet a waya, ba ta ji ni da kyau ba, tana kuka. An saye shi tun kafin ta kira. An ɗauka jiya."

Na ce wa ya saya. Ta ce ba ta faɗin sunan masu saye, ƙa'idar sana'arta ce. Na roƙe ta. Jibo ya roƙe ta da Faransancinsa mai kyau. Na durƙusa, abin da ban taɓa yi wa Bature ba, sai ta tsorata ta ce mu fita ko ta kira 'yan sanda. Kalmar nan kaɗai ta fitar da ni.

A bakin ƙofa wani dattijo Balarabe mai goge gilashin shagon ya biyo mu. Ya yi mana sallama, ya ce shi ya taya ɗaukar tabulo ɗin zuwa mota. Ya ce mace ce ta saya, Baturiya, siririya, da ɗankwali ɗaure a kai, ba ta da gashin gira. Ta zo wucewa ta hango tabulo ɗin ta gilashi ana ratayewa, ta shigo ta tsaya gabansa kusan awa guda. Motar toka-toka ce, wani mutum ke tuƙa ta. Iyakar abin da ya sani ke nan. Ya ba ni dabino uku daga aljihunsa, ya ce in yi haƙuri.

Kwana uku na yi a Lyon ina yawo a unguwannin masu hali a kan tudu, ina leƙen tagogi kamar ɓarawo, ina bin duk mota toka-toka da ido. Jibo ya gaji ya ce in ban shiga mota ba, zai bar ni nan Hajiya Mariya ta tatsi bakina.

An yi wa Yaya aiki a Yamai, an cire mata nonon dama. Na ji labarin a shagon waya, na fito na zauna a bakin titi. Daga nan shekaru biyar ban sami natsuwa ba. Duk kiran da ya zo daga gida sai in ce ga shi nan, an gani. Duk wanda ya dube ni a masallaci ya daɗe sai in ce ya sani. Da wayoyi masu hoto suka cika hannun kowa, abin ya ƙaru. Na daina zuwa Belleville. Madam ta aiko mini da saƙo ta hannun Jibo sau biyu cewa ta roƙi mai galerin an ƙi gaya mata, ban amsa ba. Da na yi niyyar zuwa in gaishe ta, na tarar ta rasu, wani ɗan ɗan'uwanta ya kwashe ɗakin. Wannan ma yana cikin abin da nake neman gafara a kai. Galerin Lyon ɗin kuma da na koma, ya zama shagon takalma.

Da na sami takarduna na je gida. Na tarar ciwon ya dawo. Yaya ta rame, maganin da ake ƙara mata ya zubar mata da gashin kai da na gira. Da na gan ta na tuna maganar dattijon Lyon, na gane irin matar da ta sayi tabulo ɗin.

Na bari Malam ya fita masallaci da la'asar, na zauna a bakin tabarmarta na faɗa mata komai, kaina a ƙasa. Na ce ta yafe mini, ni na ba da hotonta, ni na jawo. Ta yi shiru har na ɗauka kuka take. Da na ɗago, dariya ce take riƙewa saboda zafin ƙirji.

"Kai dai Lawali ba ka canza ba. Tun kana yaro in akuya ta mutu sai ka ce kai ne ka harare ta. Ciwona Allah ya ba ni, ba tsohuwar Nasara ba." Ta numfasa. "A kan doki ka ce? Ni da ko jaki ban iya hawa ba?"

"A kan doki, Yaya. Baƙi."

"Mi nike riƙe da shi?"

"Gatari."

"Ta hwaɗi?"

"A'a. Sauran wasu sun faɗi. Ita tana zaune daram."

"Da guda ɗaya?"

Na ce e. Ta kai hannu ta dafa wurin, ta daɗe tana kallon katanga.

"Tun da anka yi mini aikin nan ban duba madubi ba," in ji ta. "Ina son in gan ta. Nuna mini."

Na ce babu. Ta ce ko ɗan ƙarami, ko a waya. Sai da na buɗe baki na gaya mata cewa ni da kaina na sa aka yage, aka goge, na ƙone sauran, har na tona tokar.

"To sai ka nemo," ta ce. "Malam ba sai ya gani ba. Ni kaɗai."

Na ce neman yana nufin in faɗa wa duniya abin da na shekara biyar ina ɓoyewa. Ta ce, "Wanda zai yi magana ya yi. Ni ina da sauran kwana nawa da zan ji ta?" Bayan na dawo Paris na sake kiranta sau biyu ina neman izini, har ta ce in na ƙara tambaya za ta kashe wayar. Sunayen da na sa a nan duk na canza su, tsagar ce kawai ban iya canzawa ba.

Don haka ina roƙonku, 'yan uwa da ke Lyon da kewayenta, musamman masu shiga gidajen mutane, masu shara, masu jinyar tsofaffi, masu kwasar kaya in ana ƙaura, da masu aiki a shagunan tsofaffin kaya. Tabulo ɗin ya fi mutum tsawo kaɗan. Baƙin doki ne yana fuskantar hagu, bayansa ja, macen na riƙe da gatari a hannun dama, a kumatunta na hagu layi bakwai, na ƙarshe ya karye ya yi wajen kunne. Ba saye nake so ba, ba kuma zan taɓa shi ba. In kun gan shi, ku nemi izinin masu gidan ku ɗauki hoto ɗaya, kada ku tura wa kowa, ku sanar da waɗanda suka buga wannan rubutu, sun san inda nake. In kuma matar da ta saya tana raye, ku gaya mata mai tsagar tana gaishe ta, tana tambayar yaya jiki. An sake kai Yaya asibiti, likitocin Yamai sun ce wa Malam a mayar da ita gida, babu sauran abin da za su yi. Don Allah wanda ya san wani abu kada ya jira.